Uba ne ko ba uba ba? Maganar jaririn da ake ja a kai

Baffan saurayin: Assalamu alaikum jama'a. Ɗan wana ne, a wani ƙauye kusa da Ringim. Ya yi wa yarinya ciki ba aure, kuma bai musa ba, har ragon suna ya kai aka dawo masa da shi. Yanzu jaririn watansa huɗu. Iyayen yarinyar sun tura ta aikatau Kano, sun bar shi hannun kakarsa tana ɗura masa koko. Yaron ya ce a ba shi ɗansa, mahaifiyarsa ta rena. Ni a ganina uba uba ne, da fatiha ko babu. Wa ya fi shi cancanta?

Malamin Islamiyya: Baffa, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, ɗan da aka samu ba aure uwarsa ake jingina wa. Ba ya ɗaukar sunan mutumin, ba sa gadon juna. Ko da ma ɗan aure ne, reno na uwa ne, bayanta kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Uba yana can baya. Kuma ka ja masa kunne: in ya tsaya gaban alƙali ya ce ɗana ne, iƙirarin zina ya yi, bulala 100 ce a kansa.

Wani ɗalibi daga Haɗeja: Allah gafarta Malam, ai Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun ce in matar ba ta da miji, kuma mutumin ya amsa nasa ne, ana iya jingina masa ɗan.

Malamin Islamiyya: Haka ne, sun faɗa. Amma ba da shi kotunanmu ke aiki ba. Ko an bi su ma, nasaba ce za ta tabbata, reno yana nan inda yake.

Ungozoma: Ni ban yi karatunku ba, amma na daɗe ina yanke cibi. Kuna ta wa zai ɗauka, wa zai ɗauka, ba wanda ya tambayi wanda ya raba ɗan wata huɗu da nono. Hanjinsa bai isa koko ba! Daga nan sai zawo, sai rama, sai tamowa, na ga irinsu da idona. A asibiti cewa suke nono zalla har wata 6, Alƙur'ani ya ce shayarwa shekara biyu. An kori uwar ne don gari ya manta da abin kunya, shi kuma wannan bawan Allah me ya yi? Kakar can ba ta da nono, Baffa, taku ma ba ta da shi.

Wata uwa daga Gumel: Ina yake lokacin da yarinyar ke ɗauke da ciki ana nuna ta a bakin rijiya? Kuma gidan da za a kai shi akwai kishiyoyi. Ran da aka yi faɗa, kun san sunan da za a kira shi da shi.

Baffan saurayin: Hajiya, bai gudu ba. Sau biyu muka je neman aurenta, uban ya rantse ba zai ba mu ba.

Wani ɗalibi daga Haɗeja: Tun 2021 Jigawa ke da dokar kare yara. In lafiyar jaririn na cikin haɗari, a kai maganar Hisba.

Ungozoma: Kafin Hisba akwai dagaci, akwai liman. Ta haihu, istibra'i (jiran tabbatar da babu ciki kafin aure) ya ƙare, ba abin da ya hana a ɗaura musu aure sai zuciyar ubanta. Ko bai yarda ba, a dawo da ita ta shayar da ɗanta, saurayin ya riƙa aika hatsi da sabulu. Wannan ba wanda ya hana shi, ko Malam?

Malamin Islamiyya: Ba wanda ya hana, Inna, lada ma zai samu.

Baffan saurayin: To Malam, za ka raka mu wurin dagaci?

Malamin Islamiyya: Zan je bayan sallar Juma'a. Amma ka sani tun yanzu, maganar dawo da uwar zan yi, ba ta karɓar ɗa ba.