Waɗanne kalmomi ake sawa a CV in ana neman aikin injiniyan manhaja?

ɗan_kurna: Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Wata 7 kenan da gama bautar ƙasa, na tura CV wajen da ya fi 40 amma shiru kake ji. Wani abokina ya ce wai kwamfuta ce ke fara tacewa, in ba ta ga wasu kalmomi ba sai ta watsar da kai. Ni Python da Django na iya sosai, React kuma sama-sama. In jera duk yarukan rubuta manhaja da na taɓa jin sunansu ne ko yaya?

antin_python: Wa alaikumus salam ƙanina. ATS abokinka ke nufi, wato manhajar da kamfanoni ke karɓar CV da ita, irin su Greenhouse, Lever da Workday. Yawanci ba ita ke korar mutum da kanta ba, tara CV take yi, sai mai ɗaukar ma'aikata ya zo ya buga kalma yana nema kamar yadda kake neman suna a wayarka, in kalmar babu a naka ai ba za ka fito ba. Kalmomin kuma suna nan cikin sanarwar aikin, karanta ta sau biyu ka ja layi ƙarƙashin abin da suke ta maimaitawa. In sun ce PostgreSQL kar ka tsaya a SQL kawai, in JavaScript suka rubuta kar ka gajarta zuwa JS. Kuma kar ka zuba su kamar lissafin cefane, ka ce na haɗa manhajar biyan kuɗin makaranta da Django da PostgreSQL, ga ta a GitHub, shafin da ake ajiye aikin manhaja kowa ya gani. Kowane aiki da gyaran CV ɗinsa, da gajiya kam.

gwaska99: Malam ba sai ka wahala ba, kwafe sanarwar gaba ɗaya ka liƙa a ƙasan CV ka mayar da rubutun fari, ba mai gani 😂

baban_amira: Gwaska kar ka jefa yaro a rami, ATS na zare rubutun tsura ne, fari da baƙi duk a fili suke fitowa. Ni na taɓa sa Kubernetes a CV ɗina don kawai na kalli bidiyo biyu a YouTube, ranar intabiyu mutumin bai tambayi komai ba sai shi, wlh gumi har cikin takalmi, minti 10 aka sallame ni. Sannan in CV ɗinka irin mai ado na Canva ne mai rubutu a rabe gida biyu hagu da dama, ka canza shi, wani lokacin ATS cakuɗa layukan take yi. Kwafe rubutun ka zuba a Notepad, in ya fito a hargitse to ka san akwai gyara.

ɗan_kurna: Kai, na Canva ne kuwa. Na gode sosai. To React ɗin fa anti, in cire?

antin_python: In ka taɓa gina wani abu da shi ko ƙarami ne bar shi, amma Django ya zo a gaba. In kallo kawai ka yi, cire.