Don Allah ku ba ni shawara, yarona ba ya waiwayowa in an kira shi

Maman Abba: Salamu alaikum 'yan uwa, yau kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ina aure a Garin Malam, babban gida ne, ga uwar miji ga facaloli biyu, maigida kuma yana aiki Agadas, sai bayan wata uku muke ganinsa. Tun da na haihu ake cewa ban iya raino ba. Da ciki ya shiga na yaye yaron da wuri, har gidanmu aka kai ƙarata, na shanye. Yanzu Abba ne ya tsaya mini a rai. A da yana cewa "inna" da "ruwa", ya daina. Sai in kira shi sau goma bai waiwayo ba. Wuni yake yana jera murafan bido a bakin ƙofa, in aka taɓa ɗaya sai ihu da buga kai a ƙasa. In ƙishi ya kama shi, hannuna yake ja ya ɗora a kan randa, ko fuskata ba ya kallo. Mene ne wannan?

Aunty Rabi: Wa alaikissalam. Ba ki faɗi shekarunsa ba. Kuma an taɓa duba kunnensa?

Hajiya Babba: 'Yata, kwantar da hankalinki. Goma na haifa, maza sun fi nauyin baki, na ukuna sai da ya shekara huɗu ya yi magana, yau yana da shago a kasuwar Dole. Linzami ne ya riƙe harshen. Ki kai shi wanzami ya yanke, a haɗa masa da rubutu.

Maman Abba: Wata 26 gare shi. Kunnensa ƙalau, Aunty, tun daga nesa yake jin kabu-kabu ya toshe kunnuwa da hannu.

Malama Zeinabu: Maman Abba, ina aiki ɓangaren awon yara. Abin da ya fi tsaya mini shi ne kalmomin da ya iya ya daina, a kowane wata yaro yake wannan ba abin jira ba ne. Ɗan wata 18 ya kamata yana nuna abu da yatsa don uwa ta gani, ɗan wata 24 yana haɗa kalma biyu. Abba yana nuna miki tsuntsu ko mota da yatsa? Alamun da kika lissafa ana ganinsu a otizim, wanda wasu ke kira galahanga, wato lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, amma ba a yanke hukunci ta waya, kuma ba awon jini ke nuna shi ba. Akwai tambayoyi 20 da ake yi wa iyaye, M-CHAT, na yara daga wata 16 zuwa 30, yana cikin lokacin. Ki ɗauki katinsa na awo ki je asibitin uwa da yaro, ki nemi likitan yara, a fara da awon ji ko da kina ganin yana ji. Hajiya, da girmanki, a bar askar nan. Linzami ba ya hana yaro kallon uwarsa.

Hajiya Babba: Ku 'yan boko kowane yaro sai kun laƙa masa suna. A zamaninmu wa ya san wani otizim? Waya kuke miƙa musu ku tafi hira, shi ya sa.

Maman Abba: Hajiya, ba hira nake zuwa ba. Tun asuba nake layin ruwa da tsohon ciki, wa zai riƙe mini shi? Wayar ce kawai take sa ya zauna.

Maman Ikram: Ni ma facalata haka ta sa mini ido a kan 'yata, har cewa ta yi a danginmu abin yake. Shekara biyu ba ma gaisawa. Allah ya isa.

Ummu Salma: Ba allurar rigakafi ba ce? Na ji ana faɗa.

Malama Zeinabu: A'a Ummu Salma. Binciken 1998 da ya jawo wannan magana an janye shi a 2010, likitan ma an hana shi aiki a Ingila. Kada a bar rigakafi, kun ga abin da sanƙarau ya yi mana nan Damagaram, kuma shi ne ke kurmantar da yara. Maman Abba, ba yaye ba ne, ba rainonki ba ne. Amma wasa da shi fuska da fuska, da koya masa tun yana ƙarami, ya fi amfani da a jira ya shiga lakwal.

Hajiya Babba: Yawon likita za ki yi, su tura ki Yamai, jika nawa gare ki? Ni dai na faɗa, ranar Alhamis ki kai shi a yanke.

Maman Abba: Na gode duka. Malama, bai taɓa nuna mini komai da yatsa ba, amma yana da wayo, shi yake buɗe waya da kansa. Kuma ba zan iya fita da shi ba sai da izinin babansa, in uwar mijina ta ji na kai shi likita a kan magana cewa za ta yi na ja wa jikanta baki. Sai ƙarshen wata zai dawo.

Aunty Rabi: Ki kira shi yau mana.

Maman Abba: Na kira tun jiya, layin ba ya shiga.