Yarona kurma ne, shekararsa huɗu, makarantar layinmu ta dawo min da shi

Maman Abba, Kurna:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don abin ya tsaya min a rai, kwana uku ke nan ba na barcin kirki.

Abba shekararsa huɗu da wata biyu. Lafiya lau na haife shi, har ya fara cewa "Mama" da "ruwa". Yana da shekara ɗaya da wata takwas sanƙarau ya kama shi lokacin zafi, muka yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsa. Bayan mun dawo gida ne wata rana murfin tukunya ya suɓuce min ya faɗi a bayansa. Yayarsa da ke can tsakar gida sai da ta zabura, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba, yana ta wasansa da murfin kwalba. A nan gabana ya faɗi. Likitan kunne ya ce na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu saura kaɗan. 'Yan kalmomin da ya iya kuma suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare.

A gida muna da alamunmu. Idan ya shafa haɓa, babansa yake nufi. Idan ya kama kunne, yayarsa ce, saboda ɗankunnenta. Na ƙirga, sun kai talatin. Yaro ne mai wayo, wallahi, shi yake nemo wa babansa makullin babur duk inda ya ajiye.

Farkon zangon nan na sa shi a makarantar kuɗin da yayarsa take, a layinmu. Na biya, na ɗinka masa kayan makaranta kala biyu. Sati biyu ya yi yana riga kowa tashi, ya ɗauko takalminsa ya ajiye min a gabana. Ranar Alhamis shugabar makarantar ta kira ni ofis ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba mu da malamin irinsu." Wai ba ya zama idan an ce a zauna, kuma ya ture wani yaro har uwar ta zo ta yi faɗa. Aka dawo min da rabin kuɗina.

Yanzu kullum da safe idan yayarsa ta shirya sai ya ɗauko nasa kayan ya tsaya a bakin zaure. Ba ni da alamar da zan gaya masa dalilin da ya sa ba zai je ba. Wannan shi ya fi ci min rai.

Hajiyar maigidana ta ce a bar shi ya ƙara wayo, bakin zai buɗe da kansa. Maigidan ya ce akwai makarantar kurame da makafi a Tudun Maliki, amma daga Kurna adaidaita biyu ne zuwa, biyu dawowa, ni kuma ba zan iya rabuwa da ɗan shekara huɗu ya kwana a wani wuri ba. In koma in roƙi makarantar layinmu? In jira ya kai shida? Ko in daure da Tudun Malikin?

Malama mai ajin share fage:

Wa alaikumus salam, Maman Abba. Allah ya raya shi, ya ba ki ladan ɗawainiya. Shekara tara nake koyar da ƙananan yara a firamaren gwamnati, kuma a sashen ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero na yi karatu.

Cikin zaɓi ukun da kika lissafa, jira shi ne wanda zan roƙe ki kada ki yi. Yaro yana ɗaukar harshe ne a shekarun farko, kuma ƙwaƙwalwa ba ruwanta da ta kunne ya shigo ko ta ido, ita dai ta samu. Alamu talatin ɗin nan naku arziki ne, amma sun yi wa ɗan shekara huɗu kaɗan, sa'anninsa suna ba da labari, suna tambayar "don me". Duk watan da ya wuce ba a ƙara masa ba, wahalar koyon karatu ake tara masa. Turin da ya yi wa yaron ma daga nan yake. Wanda ba shi da hanyar cewa "nawa ne, ba ni" da hannu zai ƙwace.

Tunda an ce akwai saura a kunnen hagu, ki koma a sake gwajin ji, ki tambaya ko na'urar ƙara ji za ta amfane shi. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Kada ki sayi na'urar a kasuwa haka kawai, sai an saita ta daidai da kunnensa, kuma robar da ke shiga kunnen ana canza ta yayin da yaro yake girma. Amma ko an samu na'urar, a haɗa da maganar hannu. Ba ta hana yaro magana da baki, kada wani ya tsorata ki da haka.

Na taɓa samun yarinya kurma a ajina, mu sama da 50. Na zaunar da ita a gaba, ta gefen da hasken taga yake faɗa wa fuskata, na daina magana ina kallon allo. Na zana hoton kofi, da buta, da tabarma na manna a bango, idan lokacin abu ya yi in nuna. Alama goma na koya wa ajin duka: zauna, tashi, ruwa, fitsari, na gode da sauransu. Cikin sati biyu yaran suka fi ni iyawa, su suke taɓa kafaɗarta idan an buga ƙararrawar tara. Ba kuɗi wannan yake ci ba, malama mai niyya yake so. Ki gwada firamaren gwamnati mafi kusa da ku, da yawa daga cikinsu yanzu suna da ajin share fage na shekara ɗaya kafin aji ɗaya.

Ɗan Fagge:

Baiwar Allah, abin da aka yi miki ba daidai ba ne, kuma doka ta hana. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ta ba su haƙƙin karatu ba tare da wariya ba, kyauta har zuwa sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, a samu aƙalla malami ɗaya da aka horar don kula da su. Mutumin da ya nuna wariya ana iya cin sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, kamfani kuma naira miliyan ɗaya. Dokar ce ta kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa. Ni da ni ne, takarda zan rubuta wa makarantar in ajiye kwafi. Shirun da muke yi shi ya sa suke maimaitawa ga na baya.

Tela daga Zariya:

Maman Abba, ni kurma ne. Ina da shekara takwas zazzaɓi mai zafi ya tafi da jina, shi ya sa nake rubuta Hausa haka, na riga na iya ta kafin abin ya same ni. Yau shekarata 37, ina da shagon ɗinki da yara uku, dukansu suna ji.

Malama ta yi magana mai kyau, Ɗan Fagge ma gaskiya ya faɗa, amma ina so ki ji daga wanda ya zauna a kan bencin. Bayan na kurumce ba a kore ni daga firamarenmu ba. Shekara uku na yi ina zuwa kullum, ina kwafe abin da ke kan allo da rubutu mai kyau, ban san ma'anar rabinsa ba. Malami ya yi ta motsa baki, yara su ɗaga hannu, ni ma in ɗaga don kada a gan ni daban. A takarda ɗalibi ne ni, amma ba abin da yake shiga. Idan kika tilasta wa makarantar da ba ta son sa ta karɓe shi, za su ajiye shi a ƙarshen aji ya yi ta kallon bango, su karɓi kuɗinki. Malamar da ta yi rubutu a sama, irinta ba su da yawa.

Ranar da kawuna ya kai ni makarantar kurame, na ga yara a ƙarƙashin bishiya suna gardama da hannu, suna dariya, wani yana ba da labarin ƙwallo. Na tsaya na yi kuka, don na ɗauka ni kaɗai ne haka a duniya. A wata shida na koyi abin da ban koya a shekara uku ba. Abba ya fi ni buƙatar wannan, don ni na zo da harshena, shi kuwa nasa bai kafu ba aka ɗauke.

Ban ce ki kai shi kwana ba, ya yi ƙanƙanta, yana buƙatar ɗumin uwa. Amma ki kai shi ya ga kurame, manya da yara, ya san akwai irinsa kuma sun zama mutane. Ki nemi malami kurma ya riƙa zuwa gida ko sau ɗaya a sati, ku zauna ku duka a koya muku, ba shi kaɗai ba. Za ki tarar da maganar hannu iri biyu. Akwai tamu ta Hausa da kurame suke yi a kasuwa da majalisa tun kaka da kakanni, wadda shafa haɓar nan da Abba yake yi ta yi kama da ita. Akwai kuma ta makaranta, wadda tushenta daga Amurka yake, wani kurma baƙar fata mai suna Andrew Foster ya kawo ta, ya buɗe makaranta a Gana a 1957, sannan a Ibadan a 1960. Kada bambancin ya dame ki, mu muna haɗa su duka biyu, yara kuma ba sa ruɗewa.

Roƙona ɗaya gare ki da maigidanki. Abin da ya fi min ciwo a yarinta ba makaranta ba ce. Ana cin tuwo da daddare, kowa ya kwashe da dariya, in taɓa yayana in tambaye shi me aka ce, ya yi min alamar "ba komai" ko "anjima". Anjimar nan ba ta taɓa zuwa ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana ƙaunata, ya saya min keken ɗinki na farko, amma har ya rasu ba mu taɓa yin hirar minti biyar ba. Ki gaya wa baban Abba wannan. Kuma don Allah kada ki bari a riƙa kiransa "bebe" a layi, yana da suna.

Hajiya Babba:

'Yata, game da surukarki, kada ki yi jayayya da ita, tsoro ne da ƙauna suke sa ta faɗin haka. A ci gaba da addu'a, a kuma nemi ilimi, ba sa karo da juna. Ki tuna mata cewa saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, aka saukar da farkon Suratu Abasa lokacin da ya zo neman sani, kuma ya zama ladanin Manzon Allah (SAW). Idan malamin ya zo gida, ki shimfiɗa mata tabarma kusa. Kaka idan jikanta ya yi mata alamar sunanta sau ɗaya, ita za ta riƙa tuna muku ranar darasi.

Maman Abba, Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru ne don ina so in dawo da labari.

Malam tela, na karanta wa maigidana abin da ka rubuta game da mahaifinka. Bai ce komai ba, ya tashi ya fita masallaci tun ba a kira salla ba. Washegari shi da kansa ya ce mu shirya, ya ɗauke mu a babur har Tudun Maliki. Mun isa ana tara. Abba da ba ya sakin zanina a baƙon wuri, sai ga shi ya saki ya tsaya yana kallon hannayen yaran, bakinsa a buɗe. Wata yarinya ta durƙusa ta yi masa alama, ya mayar mata da irinta, a karkace dai, amma ya mayar.

Ta hanyar wani da muka haɗu da shi muka samu malami kurma da ke zaune a Rijiyar Lemo, yana zuwa mana ranar Asabar bayan la'asar. Sau biyu ya zo. Yayarsa ta fi mu saurin ɗauka, Hajiya kuma tana zama a gefe da carbinta tana kallo, jiya na kama ta tana gwada alamar "ruwa" ita kaɗai.

Ɗan Fagge, ban rubuta takardar ba, 'yata tana makarantar kuma ba na son a tsangwame ta. Amma na je firamaren gwamnati ta bayanmu kamar yadda Malama ta ce. Hedimastan ya ce in kawo shi ranar Litinin su gwada shi a ajin share fage, malamar ajin kuma ta karɓi takardar da na zana mata alamomi goma. Idan ya kai shekara shida za mu sake duba maganar Tudun Maliki. An ba mu ranar gwajin ji a wata mai zuwa, kuɗin na'urar ne dai ban san inda za mu samo ba tukuna, na fara zubin adashe.

Malam tela, tambaya ɗaya. Yaya ake yin alamar "jibi"? Malaminmu sai Asabar mai zuwa zai dawo, ni kuma ina so in gaya wa Abba ranar da zai sa kayan makarantarsa, na wanke su na goge tun jiya.