Neman shawara: Hajiyarmu da zafin bazara, ga hawan jini ga ciwon suga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema a kan mahaifiyarmu. Hajiya ta haura shekara 70, tana da hawan jini da ciwon suga, a Kano muke zaune. Tunda zafin nan ya kankama jikinta ya ƙi daɗi. In ta miƙe daga zaune sai jiri ya ɗebe ta, bakinta kullum a bushe, abinci kuwa sai an yi da gaske. Ruwa ma ba ta son sha, wai ƙwayar hawan jinin da take sha da safe tana sa ta yawan zagayawa, ga gwiwa ba ƙwari. Allurarta ta insulin ita ma tana damuna, don sai a wuni a kwana ba a kawo wuta ba, firij ɗin ba ya riƙe sanyi.

A wani ƙaramin asibiti na unguwarmu take ganin likita, shi ya san ta, a can fayil ɗinta yake. Amma ranar da aka rubuta mata ta koma sai ƙarshen wata mai zuwa. Yayana ya ce a dakatar da ƙwayar fitsarin har damina ta sauka, ni kuma hankalina bai kwanta da hakan ba. In jira ranar ne, ko in kai ta kafin nan? In na je, me zan ce a duba? Allah Ya saka da alheri.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne. 'Yar'uwa kada ki jira. Ranar da aka rubuta ta mai lafiya ce, wanda jikinsa ya canza ko yaushe yana iya zuwa. Ki tura yaro da sassafe ya yanki kati ya kama layi, sai an kusa zuwa kanku ki fito da ita, kada ta zauna ƙarƙashin rumfar kwano har rana ta take.

Anti Nas:
Ƙanwata, kin kyauta da kika tambaya kafin a taɓa maganin. Ki ba Yaya haƙuri, a bar ƙwayar nan yadda take har likita ya gani. Yana da gaskiya ta wani ɓangaren: magungunan da ke sa fitsari, irin su Lasix da Moduretic, suna fitar da ruwa da gishirin jiki, in suka haɗu da gumin bazara tsoho yakan bushe, jini ya sauka, jiri ya biyo baya. Amma yanke su kai-tsaye na iya sa jinin ya haura, kuma shanyewar ɓarin jiki ba ta ba da sanarwa. Likitan da ya rubuta shi zai rage, ko ya canza, ko ya bari.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bushewar baki da yawan fitsarin. Kada a ɗora wa ƙwayar laifin duka. Suga in ya hau, alamarsa ke nan. Insulin kuma zafi yana rage masa ƙarfi. Sai ki ga ana yin allura a kan lokaci, suga na hawa, fitsari na ƙaruwa, ita kuma tana gudun ruwa. Haka tsoho ke galabaita a hankali, gida ba a ankara ba. In kuna da na'urar gwajin suga, ki gwada yau, da safe kafin ta karya da kuma bayan abinci da awa 2, ki rubuta a takarda.

In za ku tafi, ki zuba duk magungunanta a leda ki riƙe, har na gargajiya da na ciwon gwiwa da aka sayo a kemis. Ki roƙi a auna jininta tana kwance ko zaune, sannan a sake bayan ta miƙe tsaye. In lambar sama cikin lambobi biyu na awon jinin ta sauka da 20 ko fiye, an gano bakin zaren jirin. Ki tambaya ko za a yi gwajin ƙoda da na gishirin jini, in ba sa yi a nan su ba ku takarda zuwa inda ake yi. Kuma ki tambayi likita da bakinki: ruwa nawa ya kamata ta sha a yini? Wasu masu ciwon zuciya ko ƙoda ana ƙayyade musu ruwa, shi ya sa ba zan yanke miki adadi daga nan ba.

In ba a ƙayyade mata ba, kada ku jira ta ce tana jin ƙishi, tsofaffi ba sa jin sa da wuri. A miƙa mata kofi bayan kowace salla da tsakankaninsu. Fitsari in ya yi duhu ya ragu, ruwa bai isa ba. Batun zagayawa kuma, a ajiye mata fo a ɗaki da dare, a cire mata kunyar abin.

Baban Abba:
Ku riƙa haɗa mata zoɓo mai sanyi, yana saukar da jini. Da ruwan gishiri da sukari kullum, mu shi muke sha a kasuwa in zafi ya matsa.

Mai Kemis:
Malam Baban Abba, a yi haƙuri, ga Hajiya wannan bai dace ba. Wadda jiri ke ɗiba in ta miƙe ba ƙarin abin saukar da jini take nema ba, zoɓon talla kuma sukari ne fal. Ruwan gishiri da sukari na mai gudawa ko amai ne: ƙulli ɗaya na ORS a lita 1, wato ledar fiya wata biyu, a zubar da ragowar bayan awa 24. Mai hawan jini da suga ba ya mayar da shi ruwan shan yau da gobe.

Ga batun insulin, Hajiya ƙarama. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin firij, digiri 2 zuwa 8, ba wajen ƙanƙara ba, don in ya daskare ya lalace. Wanda aka fara amfani da shi yakan yi kamar mako 4 in zafin ɗaki bai wuce digiri 30 ba, mu kuwa yanzu muna haura 40. Ki daina sayen na wata da watanni lokaci guda. Ki samu tukwanen ƙasa biyu, ƙarama cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi mai jiƙe, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ita ce dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, kuma a busasshen zafi irin namu ta fi aiki. Kwalbar a saka ta cikin roba mai murfi kada ruwa ya taɓa ta. In kin ga gudaji a ciki ko launi ya sauya, a jefar. Sannan diclofenac da ibuprofen da ake sha don gwiwa, in jiki ba ruwa suna taɓa ƙoda, ki faɗa wa likita in tana sha.

Ummu Khadija:
Ni abin da zan ƙara, ki san lokacin da za ki tsallake asibitin unguwa. In ta fara sambatu ko ba ta gane mutane, jiki ya yi zafi rau, ko baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, to sai sashen gaggawa na babban asibiti, Murtala ko Malam Aminu Kano, wanda ya fi kusa. In zafin ne ya buge ta, a jiƙa mata jiki ana fifita tun a hanya. Kuma lokacin sanƙarau ne har ruwa ya sauka: zazzaɓi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya ƙage, wannan ba a kwana da shi a gida, babba ko yaro. Manyanmu ba su manta da annobar 1996 ba.

Maman 'Yan Biyu:
In kuɗin gwaji zai yi nauyi, ki tambaya a teburin kati ko suna karɓar inshorar lafiya ta Jihar Kano, wato KSCHMA, da yadda ake yi wa tsofaffi rajista.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah Ya bar zumunci. Mun je, likita ya ce sugan ne ya hau, ya sa an sayo sabon insulin, ya rage ƙwayar fitsarin, ya tura mu gwajin ƙoda. Saura abu ɗaya: Hajiya ta dage sai ta ci gaba da azumin Litinin da Alhamis. Anti Nas, yaya zan yi?

Anti Nas:
Alhamdulillahi. A wannan zafin, ga insulin ga sugan da bai daidaita ba, ni dai ban goyi baya ba. Amma ke 'ya ce, daga bakinki zai yi mata nauyi. Ranar da za ku kai sakamakon gwajin, ki sa likita ya faɗa mata da kansa, sannan ki nemi malamin da take jin maganarsa ya tuna mata nafila ce. In duk da haka wata rana ta ɗauka, a gwada sugan da hantsi da kuma bayan azahar. In ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300 a ma'aunin mg/dL, ko ta fara karkarwa da gumi mai sanyi, ta karya nan take, a kira likitan.