Matalautan yankuna sun fi saurin bunƙasa, amma tazarar tana nan: wane ma'auni zan yarda da shi?

Hafsat_Tattali

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Kundin digirina na biyu nake rubutawa a kan bambancin arziki tsakanin yankunan ƙasa ɗaya, da yadda yake sauyawa cikin shekaru. Na samo alƙaluman GDP, wato darajar duk abin da aka samar a shekara, na kowane yanki na kusan shekara talatin, na raba da yawan jama'a, na zuba a Excel. Daga nan abin ya cakuɗe mini.

Da na duba saurin bunƙasa, yankunan da suka faro daga ƙasa su ne suka fi gudu. Na zana hoton saurin bunƙasa a kan arzikin da kowane yanki ya faro da shi, layin ya gangaro sarai, na rubuta cewa na baya suna kamo na gaba. Da na koma na auna yadda yankunan suka warwatsu daga matsakaici, shekara bi shekara, sai na tarar tazarar ba ta tsuke ba, a shekarun ƙarshe ma buɗewa ta yi. Mai duba aikina ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin sakin layi biyun, ya rubuta a gefe: "Wanne ne gaskiya?" Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Ga kuma yankin babban birni. Ya yi wa kowa fintinkau, har sauran suka dunƙule a kusurwa ɗaya ta hoton. In na cire shi sakamakon ya canza, in na bar shi kuma kamar shi kaɗai nake aunawa. Ya halatta in cire shi? Don Allah wanda ya taɓa irin wannan aiki ya haska mini.

Dattijon Ƙididdiga

Wa alaikumus salam, Malama Hafsat. Duka biyun gaskiya ne, kuma ina kyautata zaton mai duba aikinki ya sani, so yake ya ji daga bakinki. Tambaya biyu kika yi wa alƙaluman, suka ba ki amsa biyu.

Na farkon shi masana ke kira beta: shin wanda ya faro daga baya ya fi gudu? Na biyun shi ne sigma: shin warwatsuwar tana raguwa? Sigma ba ta raguwa sai da beta, amma ana iya samun beta ba tare da sigma ta motsa ba. Robert Barro da Xavier Sala-i-Martin ne suka yaɗa na farkon a farkon shekarun 1990. Sun bi kuɗin shigar jihohin Amurka tun daga 1880, suka duba lardunan Japan da yankunan Turai, suka riƙa samun adadi kusan iri ɗaya: tazarar tana raguwa da kimanin kashi 2 cikin ɗari a shekara. Ki buga lissafin da kanki, za ki ga sai an yi wajen shekara 35 kafin a cinye rabin tazara. Tafiya ce ta hawainiya, ƙaramar girgiza ma tana iya shafe ta.

Girgizar kuwa ba ta ƙarewa. Farashin ma'adini ya tashi, yanki ɗaya ya yi sama. An rufe babbar masana'anta, wani ya faɗo. Na ƙasa yana hawa, amma wani daga tsakiya yana gangarowa ya maye gurbinsa, faɗin taron bai canza ba. Francis Galton ya ga irin wannan tun 1886 a tsawon mutane: 'ya'yan dogaye sosai sukan gaza iyayensu, 'ya'yan gajeru sosai sukan fi iyayensu, amma al'umma ba ta taɓa komawa tsawo ɗaya ba. Milton Friedman a 1992 da Danny Quah a 1993 da wannan hujja suka ƙalubalanci masu dogaro da beta kaɗai.

Akwai wani tarko a shekarar farko. In an yi kuskuren auna wani yanki ƙasa da yadda yake a shekarar da kika fara, ko kuma fari ya same shi a shekarar, dole ya bayyana kamar ya yi gudu daga baya, alhali komawa ya yi inda yake. Ki ɗauki matsakaicin shekara uku ko biyar na farko a matsayin mafari, ki ga ko layinki zai ci gaba da gangarowa yadda yake yi.

Sannan ki tabbatar da wace tazara kike aunawa. A ce mai 1,000 ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari, ya samu 50. Mai 10,000 ya ƙaru da kashi 2, ya samu 200. Na farkon ya fi gudu, amma a tsabar kuɗi nisan ƙaruwa ya yi. In warwatsuwar ɗanyen adadi kika auna, za ta yi ta kumbura muddin ƙasar na bunƙasa. Ki raba ta da matsakaicin kowace shekara, ko ki yi aiki da logarizim.

Abin da ya fi jan hankalina a bayaninki shi ne buɗewar da kika gani a ƙarshe. Kar ki binne ta. Jeffrey Williamson ya nuna a 1965 cewa tazarar yankuna takan ƙaru a farkon bunƙasar masana'antu, sannan ta ragu. An daɗe ana ɗauka labarin ya ƙare a nan. Amma aikin da Joan Rosés da Nikolaus Wolf suka jagoranta a kan yankunan Turai tun daga 1900 ya nuna tsukewar ta tsaya a wajejen 1980, daga nan manyan birane suka sake tserewa. A Amurka ma kamowar ta yi sanyi tun wajen lokacin. Layi ɗaya da aka ja a kan shekara talatin zai ɓoye irin wannan juyi. Ki raba shekarun gida biyu ko uku, ki auna kowanne daban.

Bala Mai Taswira

Malam ya gama da na farko. Ni batun babban birni zan taɓa. Ƙanwata, kar ki cire shi a ɓoye. Ki kawo sakamakon da shi, ki kawo ba shi, ki faɗi bambancin. Amma kafin nan ki tambayi kanki me ya kumbura shi.

GDP ana ƙirga shi ne inda aka yi aikin, jama'a kuwa ana ƙirga su inda suke kwana. Duk wanda ke shigowa birni da safe ya fita da yamma, aikinsa na birni ne, kansa na maƙwabta. Shi ya sa tsakiyar Landan ke fitowa da adadi mai ban tsoro, garuruwan da ma'aikatanta ke kwana kuma su fito kamar ba su da komai. Luksambag ma haka: kusan rabin ma'aikatanta daga Faransa da Beljiyam da Jamus suke tsallakowa kullum. Maganin shi ne ki raba da yawan masu aiki a wurin, ko ki haɗe birnin da kewayensa su zama yanki ɗaya.

Ki kuma bi tarihin iyakokin. Lituweniya yanki ɗaya ce a rabon Tarayyar Turai, sai aka raba ta biyu daga 2018: yankin babban birni da sauran ƙasa. Ba wanda ya ƙara arziki ko ya talauce ranar, amma a takarda an haifi tazara. Kuma akwai kuɗi a ciki, domin yankin da bai kai kashi 75 cikin ɗari na matsakaicin Tarayyar ba shi ke samun tallafi mafi tsoka. In an tsaga wani yanki a tsakiyar shekarunki, ki mayar da shi yadda yake a farko har ƙarshe.

Ga ma'aunin rashin daidaito kuwa, ni na fi son na Theil a kan na Gini a wannan aiki, saboda yana rabuwa tsaf: ga kason da ya fito daga tsakanin manyan shiyyoyi, ga wanda ya fito daga cikin kowace shiyya. Ki ba kowane yanki nauyi gwargwadon jama'arsa, kar mai mutum dubu ɗari biyar ya yi daidai da mai miliyan goma.

Umma_Odita

Kuna ta gyaran lissafi, ba wanda ya tambayi wa ya haɗa alƙaluman. A da, an yi shekara da shekaru in aka tara GDP na lardunan Sin sai ya zarce na ƙasar baki ɗaya, kuma a Janairun 2017 gwamnan Liaoning ya amsa cewa an ƙara gishiri a alƙaluman lardin daga 2011 zuwa 2014. Ko ba ƙarya ma adadi yana yaudara. GDP na Ayalan ya tashi da kusan kashi 26 cikin ɗari a 2015 saboda manyan kamfanonin waje sun mayar da kadarorinsu can a takarda. Groningen ta Holan ta daɗe a sahun gaba saboda iskar gas, alhali kuɗin shigar magidantanta yana cikin na ƙasa-ƙasa a ƙasar. Ni dai in na ga yanki ya yi tsalle a shekara ɗaya, hedkwatar kamfani ko rijiyar mai nake fara nema. Ki gwada alƙalumanki da hasken dare na tauraron ɗan'adam, Henderson da Storeygard da Weil sun nuna a 2012 cewa yana tafiya da bunƙasar tattalin arziki.

Hafsat_Tattali

Allah ya ƙara sani, Malam. Na raba shekarun biyu, ga shi kuwa: rabin farko tazarar tana tsukewa, rabi na biyu tana buɗewa. Yaya Bala, akwai yanki ɗaya da aka tsaga, na mayar da shi. Saura abu ɗaya. Babi na huɗu a kan amfanin aiki ne, wato abin da ma'aikaci ke samarwa. Zan iya cewa yankin da GDP ɗinsa na kowane mutum ya yi ƙasa, ma'aikatansa ne ba sa samarwa sosai? Kuma ma'aunin farashi ɗaya na ƙasa na yi amfani da shi wajen cire hauhawar farashi a dukkan yankunan.

Dattijon Ƙididdiga

A'a, kar ki ce haka. GDP na kowane mutum abu uku ne aka ninka: abin da awa ɗaya ta aiki ke samarwa, awannin da ma'aikaci ke yi, da kason jama'ar da ke aiki. Ki warware su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ginshiƙinsa a teburinki.

Dubi Italiya. GDP na kowane mutum a kudu bai wuce rabi da ɗoriya na tsakiya da arewa ba. Amma in kika auna da ma'aikaci ɗaya, tazarar ta ragu sosai. Babban ɓangaren ramin daga rashin aikin yi yake, musamman na mata: a kudu masu aiki ba su kai huɗu cikin goma ba, a arewa sun haura shida. Wanda ya karanta wannan a matsayin gazawar ma'aikata zai rubuta magani ga cutar da ba ita ba. Tarihin wurin ma darasi ne a gare ki. An kafa asusun raya kudu a 1950, tazarar ta tsuke har zuwa farkon shekarun 1970, daga nan ta cije.

Jamus kuma ta wani ɓangaren za ta koya miki. Bayan haɗewar 1990 gabas ta yi gudu a 'yan shekarun farko, sannan ta rage, yanzu abin da ma'aikacinta ke samarwa yana wajen kashi huɗu cikin biyar na yamma. Sai dai fiye da mutum miliyan ɗaya sun bar ta zuwa yamma, yawancinsu matasa. In jama'a sun ragu, adadin kowane mutum yana iya hawa ko da ba a ƙara samar da komai ba. Ki duba ƙaura a yankunanki da suka fi "gudu", wataƙila wasunsu mutane ne suka watse.

Ko kin samu bambanci na gaske a awa ɗaya ta aiki, ki sake tsaga shi. Yankin da ya dogara da noma zai gaza yankin bankuna da matatun mai ko da manomansa sun fi kowa ƙwazo. Ki ɗauki tsarin sana'o'in ƙasa baki ɗaya ki ɗora wa kowane yanki, ki ga nawa ne na tazarar ya ɓace. Abin da ya rage shi ne bambanci a cikin sana'a ɗaya, kuma a kansa ne za ki iya maganar injina da ilimi da hanyoyi da girman kamfanoni.

Batun farashi: ma'auni ɗaya na ƙasa yana ɗauka cewa tsadar rayuwa ɗaya ce ko'ina, ba kuwa haka ba ne, musamman kuɗin haya. Hukumar nazarin tattalin arzikin Amurka tana fitar da ma'aunin farashin jihohi, inda Kalifoniya da Hawayi ke sama da matsakaici da kimanin kashi 10 cikin ɗari, Misisipi da Akansas kuma ƙasa da shi da kusan haka. In jin daɗin rayuwa kike aunawa, dole ki gyara da irin wannan, kuma kuɗin da ya rage a hannun magidanta bayan haraji da tallafi ya fi GDP dacewa. In amfanin aiki ne, ya fi kyau ki cire hauhawa sana'a-sana'a, domin tashin farashin mai kaɗai zai sa yankin mai ya yi kama da wanda ya ƙara ƙwazo.

Bala Mai Taswira

Hajiya Umma, a yi mini afuwa, hasken dare ba zai yi mata babi na huɗu ba. Tsofaffin taurarin da suka ba da hotunan 1992 zuwa 2013 daga 0 zuwa 63 kawai suke auna ƙarfin haske, tsakiyar kowane babban birni 63 ce ko ta ninka arzikinta. Gona ba ta haske, wutar gas da ake ƙonawa a rijiyoyin mai kuwa tana yi. Sabbin na'urorin da suka fara a 2012 sun fi kaifi, amma haɗa su da na da aiki ne mai zaman kansa. Hafsat, ki yi amfani da shi wajen duba yankunan da Hajiya ta ce suna tsalle, ki sa shi a ratayen ƙarshen kundi. In ba ki da awannin aiki na yankuna, ki yi da yawan ma'aikata, ki rubuta a ƙarƙashin teburin cewa masu aikin rabin rana suna ciki.