Ruwan 'yan garuwa da cikin yarana, ku ba ni shawara

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan rasuwar surukata aka raba gado, ko ɗaki bai zo hannun maigida ba, yayyensa suka sayar da gidan, muka kama haya a Sharaɗa, Kano. Famfon gidan bai taɓa kawo ruwa ba, sai 'yan garuwa. Akwai rijiya, amma dab take da masai. Yanzu gudawa ta ƙi barin yaran, kuma in ruwan ya kwana a randa sai in ga ja-ja a gindinta. Na tambayi mai kurar inda yake ɗebowa, ya ce "bohol ne, Hajiya." Ya zan yi?

Hajiya Babba: 'Yata, wane bohol? Ki sa maigida ya bi kurar har inda ake cikawa. Ya duba ko tankin a rufe yake, ko akwai kwata kusa, ya leƙa cikin jarkokin, don wasu duk gansakuka ce. Rijiya ana son ta yi nisan mita 30 da masai, taku ki bar wa wanki. Ruwan sha kuwa ki tafasa shi sosai. Yaran a ba su ORS (ruwan gishiri da sukari) da ƙwayar zinc, a kai su asibiti.

Amarya: Alif kawai za ki jefa, ya yi garau.

Hajiya Babba: Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Maman Ɗalibai: Ki koma ruwan leda mai lambar NAFDAC. Mu ma famfonmu iska yake hurawa, amma takardar kuɗi ba ta fashi. Maƙwabcinmu mai bohol kuma ya kulle mana ƙofa.

Maman Biyu: Hajiya, da wane gas zan tafasa ruwan mutum bakwai? Maigida asuba yake fita. Kuma mai garuwar nan mutumin kirki ne, bashi yake ba mu. Ni na fi zargin haƙori.

Hajiya Babba: Duka biyun ne ke haƙori? In gas ya yi tsada, ga WaterGuard, maganin kashe ƙwayar cuta a ruwa, ki bi ma'aunin jikin kwalbar. Amma ki sani, yankinku akwai masana'antun jima, kuma tafasa ba ta cire sinadarinsu. Sai an kai ruwan ɗakin gwaji.

Maman Biyu: Duk layinmu shi suke sha fa.

Amarya: Wai nawa jarka a wajenku yanzu?