Ƙwaurina na ciwo duk lokacin da na fita gudu

Salam jama'a, don Allah shawara nake nema.

Wata biyu ke nan da na fara fita gudu da sassafe don in rage tumbi. Sati ukun farko lafiya lau, kilomita 2 zuwa 3, sau uku a sati. Da na ga jiki ya fara sabawa sai na ƙara zuwa kilomita 5 kusan kullum, to daga nan fa matsalar ta taso. Ciwo ne a ƙwauri ta gefen ciki, daga tsakiya zuwa kusa da idon sawu, ƙafa biyun duka amma ta hagu ta fi tsanani. Yakan fara bayan kamar minti 10 da soma gudu, kuma in na danna wajen da yatsa sai in ji zafin ya bi tsawon ƙashin, ba a waje guda yake ba. Babu kumburi.

Na huta kwana biyar ya lafa, ina komawa ya dawo sabo fil. Na canja takalmi, na ɗora ƙanƙara, na sha maganin ciwon jiki, na bar kwalta na koma gudu a kan ƙasa, wannan kam ya ɗan rage amma bai tafi ba. Abin haushin ma numfashina ya gyaru sosai, ƙafar ce kawai ta ƙi, har na fara gane abin da ke sa mutane watsar da gudun nan tun ba a je ko'ina ba.

Wanda ya taɓa fama da irin wannan, sati nawa ya kamata in ajiye gudun gaba ɗaya kafin in sake gwadawa? Na gode.